Samanja Mazan Fama: Ɗan Sarkin da Ya Sa Talaka Yi wa Soja Dariya

A shekarun 1970 da 1980, lokacin da Miga da Jahun da Haɗeja duk suke cikin tsohuwar Jihar Kano, mutumin fadama ba a allon silima ya san 'yan wasan kwaikwayo ba. Ta kunne ya san su. Akwatin rediyo mai batir yana ajiye a bakin gonar shinkafa, ko a gefen masunci yana ɗinkin koma, an kamo Kaduna. Talabijin kuwa sai gidan wane da wane, a garuruwan da wutar lantarki ta kai. Cikin muryoyin da suka shiga ƙauyukan bakin kogin Haɗeja ta wannan hanya, kaɗan ne suka kai ta Samanja Mazan Fama zama a zukatan mutane.

Sunansa na yanka Usman Baba Pategi. An haife shi a 1942 a garin Pategi da ke bakin kogin Kwara, cikin Jihar Kwara ta yau. Banufe ne, kuma ɗan gidan sarauta, domin mahaifinsa Etsu ne, wato sarkin Pategi. Wanda ya tashi a irin wannan gida, rawani ake sa ran gani a kansa. Shi kuwa sai ya nufi Kaduna, ya yi aikin gidan rediyo, ya kuma sa kakin soja na gaske a shekarun 1960. Wato Samanjan da ya riƙa fitowa a wasa ba labarinsa aka ba shi ba. Ya yi fareti a ƙarƙashin irinsa, ya sha tsawarsa, ya ga yadda yake gyara tsayuwa in hafsa ya doso.

Zamanin ma ya taimake shi. Kafin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, sojojin Nijeriya ba su wuce kimanin dubu 10 ba. Da aka gama yaƙi sun kai wajen dubu 250. Kusan kowane gari a Arewa yana da wanda ya tafi ya dawo da kaki da sabon baki, ga kuma mulki a hannun soja tun 1966. Farar hula na tsoronsu, yana kauce musu a tasha da kasuwa. Ana cikin haka sai ga shiri daga Kaduna yana buɗe ƙofar bariki, yana nuna cewa mai gashin bakin nan da ke daka wa kurata tsawa yana da mata, Bariki, wadda ba kullum tsawarsa ke aiki a kanta ba. Ga Mutuwa Dole da sauran yaransa suna ja masa magana. Ga rigimar albashi da bashi da maƙwabtaka, irin ta kowane gida.

Inda gwanintarsa ta fi fitowa shi ne harshe. Tun zamanin Turawa Hausa ce harshen bariki, da ita Tibi da Bazuru da Babacame da Bayarabe suke fahimtar juna, har ta zama wani kari na daban da ake kira Barikanci: a mayar da mace namiji, a datse jimla, a cusa Turancin fareti a tsakiya. Wannan Hausa Samanja ya ɗauka ya mayar da ita kayan aiki. Masu ganin abin da sauƙi su gwada. Karya harshe da gangan, a daidai gurbin da zai ba da dariya, ba tare da ma'ana ta ɓace wa tsohuwa a Miga ko direba a Jos ba, sai wanda ya riƙe harshen da kyau. Kuma tunda mafi yawan masu bin sa ba ganinsa suke yi ba, dole murya ta ɗauki nauyin komai: girman kai, tsoro, borin kunya, duk a maƙogwaro. Da shirin ya shiga talabijin na ƙasa, cakuɗa Hausa da Turancin buroka ya sa har mutanen Kudu suka san shi.

Hausawa sun daɗe da sanin irin wannan dabara. A wasan gauta akan kwaikwayi sarki da fadawansa a gabansu, su ga aibinsu, su yi dariya, ba mai fushi. Abin da Samanja ya yi wa soja ke nan, sai dai shi mako-mako yake yi. Amma a faɗi gaskiya, wasan yana da iyaka. Samanja da kofur da kurtu ake yi wa dariya. Waɗanda suka yi juyin mulki suka zauna gidajen gwamnati, ba a taɓa su. Gidan rediyon na gwamnati ne, gwamnatin kuma a mafi yawan lokacin ta soja ce, don haka ba mamaki rundunar ta rungumi shirin, tunda yana wanke ta a idon jama'a. Wannan bai rage masa daraja a wurina ba. Rage tsoro tsakanin mai bindiga da mai garma aiki ne babba a ƙasar da ta fito daga yaƙi.

Ba shi kaɗai ba ne a fagen. Akwai Yusuf Ladan, mai Zaman Duniya Iyawa Ne, da Ƙasimu Yero na Zariya, wanda ya fito a Karambana da Magana Jari Ce, ya kuma rasu a 2017, da Karkuzu a Jos. Su suka share filin da finafinan bidiyo na Kano suka samu bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Daga nan kasuwa ta juya wajen soyayya da rawa da waƙa, tsofaffin hannu suka koma gefe. Usman Baba Pategi ya rasu a Kaduna ranar 12 ga Nuwamba, 2023, yana da shekara 81.

Yau matashi a Miga yana da waya a aljihu, amma in ya nemi Samanja, guntaye zai tarar a YouTube, hoto dishi-dishi, murya na shaƙewa. Faifan rediyo da kaset na bidiyo ba sa jure zafi da ƙura, kuma na'urorin da ke karanta su suna ƙarewa. NTA Kaduna da Rediyon Tarayya na Kaduna su ya kamata su fito da abin da ya rage a ɗakunan ajiyarsu, a juye shi zuwa kwamfuta. Jami'ar Sule Lamiɗo da ke Kafin Hausa, nan maƙwabtan Miga, da Jami'ar Tarayya ta Dutse su nemi kwafi don masu nazarin Hausa, Rediyon Jigawa kuma ya sake sa shirin ko sau ɗaya ne a mako.