Ranar Awo a Asibitin Ƙauye

A gabashin kasuwar wani ƙauye da ke arewacin ƙasar Kano, bayan an wuce masallacin Juma'a da rijiyar burtsatse, akwai wani ɗan gini mai ɗaki uku da baranda, wanda hukuma ke kira ɗakin shan magani, mutanen gari kuwa suke kiransa asibiti. Galibin ranaku wurin shiru yake, in ban da mai zazzaɓi ko yaron da lauje ya yanka. Amma ranar Talata, wadda aka keɓe domin awo, tun hantsi bai ɗaga ba za ka tarar da mata sun cika barandar har sun malala zuwa gindin darbejiya, waɗansu daga cikin gari, waɗansu daga rugage masu nisa, kowacce da katinta a naɗe cikin leda don kada zufa ko ruwan sama su ɓata shi.

Ma'aikatan wurin biyu ne, jami'in lafiya da malamar ungozoma, kuma nauyin wannan rana a wuyan malamar yake. Takan auna tudun ciki, ta saurari bugun zuciyar ɗan tayi, ta ja fatar idon mace ta duba ko jini ya yi ƙaranci, ta ɗaura mata abin gwajin hawan jini a damtse, sannan ta ƙirga mata ƙwayoyin ƙarin jini, ta kuma sa ta haɗiye maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro nan take a gabanta, domin ta san abin da aka tafi da shi gida sau da yawa a ƙarƙashin katifa yake ƙarewa. Manyan mata takan ce musu Inna ko Yaya, masu cikin fari kuwa, waɗanda kunya ke hana su ɗaga kai, sai ta lallaɓa su da ƙanwata kafin su iya faɗin watan da suke ciki.

A kusurwar ɗakin haihuwa akwai sikeli mai faranti, kusa da shi kuma babban daftari wanda aka tsaga wa layuka: sunan uwa, unguwa, ranar haihuwa, namiji ko mace, da nauyin jariri. Wanda ya buɗe daftarin nan zai ga wannan layi na ƙarshe shi ne ya fi kowane zama fayau, dalili kuwa shi ne mafi yawan matan da ke zuwa awo a gida suke haihuwa, a hannun ungozomar gargajiya wadda mizaninta ido ne da tafin hannu, jaririn kuma ba ya ganin asibiti sai bayan suna, lokacin da nauyin da ya zo da shi duniya ya riga ya sauya. Tsofaffi sukan ce wannan ƙato ne, wancan ɗan mitsitsi ne, wancan kuma bakwaini. Daga nan maganar ta wuce, ba mai sake tuna ta.

Akwai kuma waɗansu baƙi da asibitin ke karɓa ba tare da rana ta musamman ba, waɗanda akan kawo a amalanke ko a tsakiyar mutum biyu bisa babur: dattijo da ya faɗi a gona, ko uwargida da aka tarar da asuba baki ya karkace, hannu da ƙafa ɗaya sun saki, magana ta sarƙe. Shanyewar ɓarin jiki ke nan, wadda har gobe waɗansu ke jingina wa shafar iska ko sammu, alhali kuwa asalinta jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe a cikin ƙwaƙwalwa. Ba safai wani a ƙauyen ke tunanin akwai dangantaka tsakanin wannan dattijo da wancan layi da aka bari fayau ba, kuma wannan dangantaka ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Labarin gano ta a Ingila ya faro, kuma daga daftari irin wannan. A shekarar 1911 wata mata mai suna Ethel Burnside, wadda ke shugabancin ungozomomi da masu ziyarar gidaje a gundumar Hertfordshire, ta tsara cewa duk jaririn da aka haifa a auna shi a rubuta, a sake auna shi idan ya shekara; aka yi ta cika littattafai har zuwa 1948, sannan aka ajiye su aka manta. Bayan shekaru masu yawa wani likita na jami'ar Southampton, David Barker, tare da abokin aikinsa Clive Osmond, suka lura cewa yankunan Ingila da Wales inda mata suka fi mutuwa wajen haihuwa tsakanin 1911 da 1914 su ne kuma inda shanyewar ɓarin jiki ta fi kashe mutane tsakanin 1968 da 1978, wato lokacin da jariran wancan zamani suka manyanta. Wannan ishara ce kawai, ba ta kai hujja ba. Saboda haka da Allah ya haɗa su da littattafan Burnside, sai suka bi sawun dubban mutanen da ke ciki ɗaya bayan ɗaya, suka binciko wanda ke raye da wanda ya rasu da abin da ya yi ajalinsa, har a 1989 suka bayyana cewa waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sun fi mutuwa da ciwon zuciya. Nazarin da ya biyo baya ya nuna haka al'amarin yake game da shanyewar ɓarin jiki. A Uppsala ta ƙasar Suwidin, cikin waɗanda aka haifa daga 1915 zuwa 1929, an ga ƙarancin nauyi ya fi alaƙa da nau'in da jijiya ke fashewa. A Helsinki kuwa, cikin haihuwar 1934 zuwa 1944, an ga yaron da ya zo a rame kuma ya kasa yin ƙiba a shekarunsa biyu na farko shi ne haɗarin ya fi bi.

Bayanin da masana suka fi karkata gare shi ba shi da wuyar fahimta. Misalin ɗan tayin da abinci ke isa gare shi da ƙyar kamar magini ne da ƙasar gini ta yi masa kaɗan, sai ya kammala turakar maigida da kyau, ya rage kaurin katanga da magudanar ruwa. Gidan zai tsaya, a shiga a zauna shekara da shekaru, illar ba za ta bayyana ba sai daminar da ruwa ya yi yawa. Haka jiki ke fifita ƙwaƙwalwa ya tauye sauran gaɓoɓi. Ƙoda tana gama ƙera 'yan matatanta ne wajen mako na 36 na ciki, ba a kuma ƙara ko ɗaya bayan haka har mutuwa, don haka wanda ya zo da kaɗan, ko don yunwar ciki ko don ya fito bakwaini, da su zai yi ta tace gishiri muddin ransa. Manyan jijiyoyin jini ma a wannan lokaci suke samun yawancin danƙon da ke sa su miƙe su koma. Ƙoda mai ƙarancin matata da jijiya mai tauri su ne shimfiɗar hawan jini, hawan jini kuwa shi ne babbar ƙofar shanyewar ɓarin jiki. Wani babban bincike da aka yi a asibitocin Nijeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka wallafa a 2018, ya jingina kusan tara cikin goma na wannan cuta ga hawan jini, ya kuma ga masu cin ganye a kai a kai sun fi tsira.

Wajibi ne a nan a yi adalci ga magana. Ma'aunin ƙarancin nauyi da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ne giram 2,500, kuma kusan jariri ɗaya cikin bakwai a duniya ƙasa da haka ake haihuwarsa. Galibinsu kuwa za su tsufa ba tare da ɓarin jikinsu ya shanye ba. Abin da aka tabbatar ƙarin haɗari ne, ba yanke hukunci ba, kuma jaririn da ya zarce kima, kamar na mai ciwon sukari, shi ma yana da tasa matsalar. Ajali na Allah ne, babu musu; amma malamanmu ba su taɓa raba tawakkali da riƙon sababi ba.

Sabuban kuwa a bayyane suke a barandar nan ta ranar Talata. Malamar ta san cewa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba, sauro ya yi yawa, shi ne lokacin da idanun mata ke yin fari fat, domin ƙwayar zazzaɓi takan taru a mabiyiya ta tare hanyar abincin yaro ko da uwar ba ta jin ciwo. Ta san yarinyar da ta ɗauki ciki jikinta bai gama girma ba, da wadda ta yi kwanika tana goyo, da wadda ke rage cin abinci da gangan don tsoron kada yaro ya yi girma naƙuda ta yi tsanani, da wadda aka hana ƙwai saboda camfi. Ta kuma san gidajen da ake fara fitar da akushin maza, mai ciki ta ci abin da ya saura bayan ta yi surfe da daka da ɗiban ruwa. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi ci mini rai, domin ba talauci kaɗai ke kawo shi ba. A ƙauyukan Gambiya, inda damina ke zuwa da yunwa kamar tamu, an gwada ba masu ciki biskit na gyaɗa kullum, sai nauyin jariran lokacin yunwa ya ƙaru da kimanin giram 200, mutuwarsu wajen haihuwa ta kuma ragu. Gyaɗa, wake, zogale, rama, nono da ƙwai duk a gonakinmu da garkenmu suke. Shari'ar da ta wajabta wa miji nafaƙa, har ta yi wa mai ciki rangwamen azumi idan ta ji tsoro ga kanta ko ga abin da ke cikinta, ba ta bar wa magidanci uzurin sayar da ƙwan gidansa duka a kasuwa ba.

Don haka roƙona ga magidanta da iyayen gida shi ne su bar mace ta fara awo da wuri, su rataya mata gidan sauro, su cika mata kwano kafin na kowa. Idan kuma haihuwa ta zo a gida, a kai jariri sikeli a ranar, a rubuta nauyinsa, a adana katin kamar yadda ake adana takardar gona. Kai kuma mai karatu da aka taɓa gaya maka cewa ɗan mitsitsi aka haife ka, ko bakwaini, kada ka jira ciwon kai ko jiri: ka rage gishiri da ɗanɗano a miya, ka nisanci taba, ka kuma je a gwada maka hawan jini ko da sau ɗaya ne a shekara, in an ɗora ka a kan magani ka riƙe shi ba fashi.