Sirdin Keke Marar Hanci: Ina Nauyinka Yake Sauka?

Duk wanda ya taɓa yin tafiyar awa biyu a kan keke ya san abin da ake ji in an sauka. Matsematsi ya yi tsami, gaba ya mutu kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta. Da yawa sukan ɗora laifin a kan taurin sirdi, sai su naɗa masa soso ko tsumma.

Ba taurin ba ne. Akwai ƙasusuwa biyu a ƙarƙashin mazaunai, su ne ke ɗaukar mutum idan ya zauna a benci. Amma da zarar mahayi ya sunkuya ya kama kan keke, sai ƙugunsa ya karkata gaba, nauyin ya bar ƙasusuwan nan ya koma kan naman da ke tsakanin dubura da al'aura, daidai inda hancin sirdi yake. Ta nan jijiyoyin jini da na ji suke bi. Hancin ya danne su, jini ya ragu, wurin ya sage. Soso kuwa ƙara dagula lamarin yake yi, domin ƙasusuwan nutsewa suke a cikinsa, shi kuma ya taso ta tsakiya ya danna inda ba a so.

Shi ya sa aka ƙera sirdin da aka datse wa hanci, wani ma kamar tafin hannu biyu ne a jere. Hukumar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta gwada shi a kan 'yan sanda masu sintiri da keke har wata shida, aka buga sakamakon a 2008. Sagewar gaba ta ragu ƙwarai, kuma kusan dukkansu ba su koma tsohon sirdi ba.

Kafin ka saya, ɗora kwali a kan benci ka zauna na ɗan lokaci. Idan ka tashi za ka ga ramuka biyu. Auna tsakaninsu, ka nemi sirdin da ya ɗan fi wannan faɗi.

Sai dai hancin nan ba ado ba ne, da shi cinya take riƙe keke wajen shan kwana. In babu shi, hannu na iya ƙara ɗaukar nauyi, kuma a kwanakin farko za ka ji kamar kana zamewa gaba. A ganina ya fi dacewa da mai tuƙi a miƙe a titi mai kyau fiye da mai gudu a hanyar gargada. Ka sa mai gyara ya daidaita tsayinsa da karkatarsa kaɗan-kaɗan har ya zauna maka.

Idan kuwa ka sauka kuma wurin bai saki ba har washegari, ka jingine keken ka je ka ga likita.