Yaƙi da Tsatsa a Bututun Hayaƙin Mota

Duk lita ɗaya ta fetur da injin mota ya ƙona, tana barin ruwa kusan lita ɗaya, wanda ke fita ta salansa a matsayin tururi. Da sassafe, kafin ƙarfe ya ɗauki zafi, tururin nan yakan koma ruwa a cikin bututu, ya gauraya da farar wutar da ke cikin man, ya zama ruwa mai tsami mai cin ƙarfe. Shi ne ɗigon da ake gani a bakin salansa idan an tayar da mota. Tun daga ciki ke nan tsatsa take fara aikinta, inda ido ba ya kaiwa.

Sashen da ya fi shan zafi shi ne wanda ke manne da injin, wato manifol. Yawancin kamfanoni kan sa manifol na ƙarfen zubi, mai kauri da nauyi, wanda tsatsa kan daɗe ba ta huda shi ba. Amma masu son ƙara wa mota ƙarfi, musamman a Amurka, sukan cire shi su ɗaura abin da suke kira heda: kowace silinda da nata bututun, sai su haɗu a gaba, hayaƙi ya fita ba cunkoso. Kamfanin Hedman na jihar Kalifoniya yana wannan sana'a tun 1954. Matsalar ita ce kaurin jikin bututun yawanci milimita 1.2 zuwa 1.6 ne kawai, ga shi hayaƙin da ke ratsa shi yakan haura digiri 800 a ma'aunin Salshiyos idan an taka mota sosai.

Daga waje kuma akwai gishiri. Amurka na zuba kimanin tan miliyan 20 a kan titunanta kowace shekara don narkar da ƙanƙara. Shi ya sa wasu motocin hannu da ake saukewa a Legas da Kwatano suke iso Kano jiki sumul, amma bakanike na leƙa ƙarƙashi ya tarar da salansa ta yi ja.

Hanya ta farko ta yaƙar tsatsa ita ce yi wa ƙarfen rufi. Heda mafi araha da ƙarfe na yau da kullum ake yin ta, a fesa mata baƙin fenti. Fentin nan na ajiya ne da jigila kawai. Da injin ya yi zafi zai ƙone ya bar ƙarfe tsirara. Akwai fenti na musamman mai jure zafi, irin na VHT, amma sai an kankare ƙarfen tas, an wanke maiƙo, sannan a gasa shi mataki-mataki. Wanda ya tsallake gashin, fentinsa zai ɓare. Tutiyar da ke kare kwanon rufi ba ta da amfani a nan, domin tana narkewa a digiri 420, hayaƙinta kuma yana kwantar da mai walda da zazzaɓi. Rufin alminiyon yana jurewa har wajen digiri 550, saboda haka ya fi dacewa da bututun baya da tukunyar salansa. Rufin kuromiyom mai ƙyalli yana ɗaukar ido a shago, amma kusa da injin yakan rikiɗe ya zama shuɗi, daga baya tsatsa ta ɓullo ta ƙarƙashi.

Abin da masu harkar suka fi yarda da shi shi ne rufin tangaran. Kamfanoni irin su Jet-Hot da Cerakote sun yi suna a kansa. Ana fara feshin yashi a kan bututun har ya yi kaushi, a fesa masa haɗin garin tangaran, wani lokacin da garin alminiyon, sannan a gasa a tanda. Kaurin rufin bai kai kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma yana hana iska da ruwa taɓa ƙarfe, yana kuma rage zafin da ke dukan wayoyi da robobi a cikin bonet. A Ingila, kamfanin Zircotec, wanda ya samo asali daga binciken makamashin nukiliya a Harwell, yana narkar da garin tangaran ne da harshen wuta mai tsananin zafi ya fesa shi a kan ƙarfe. Rufin yana da rauninsa: tsakuwa ko sifana na iya ɓantare shi, kuma idan waje kaɗai aka rufe, ruwan ciki zai ci gaba da ɓarna.

Hanya ta biyu ita ce canza ƙarfen kansa. A 1913 Harry Brearley na garin Shafil a Ingila ya gano cewa ƙarfen da aka zuba wa kuromiyom ba ya saurin tsatsa. Idan sinadarin ya kai kashi 10.5 cikin ɗari, yakan yi wa ƙarfen wata siririyar fata da ke sake tsirowa ko an karce ta. Sai dai wannan ƙarfe mai kuromiyom aji-aji ne. Lamba 409 yana da kuromiyom kusan kashi 11, yana da sauƙin kuɗi, yakan yi ja a sama amma ya daɗe bai huje ba. Lamba 304, dangin wanda ake yin cokula da kwanukan silba, yana da kuromiyom kashi 18 da nikel kashi 8. Lamba 321 an ƙara masa titaniyom don kada ya lalace a wajen walda idan zafi ya daɗe, shi ya sa ake son sa a injin mai turbo. Motocin tseren Formula 1 kuwa da Inconel suke amfani, haɗin nikel mai tsada ƙwarai. Maganaɗisu na taimaka wa mai saye: yana kama 409 gam, amma da ƙyar yake kama 304.

Wasu kan naɗe heda da ƙyallen zaren gilashi don tsare zafi. Ƙyallen yana riƙe danshi, yana kuma tara zafi a jikin ƙarfe, shi ya sa kamfanoni da dama ke soke garanti idan an naɗe.

Ga motar da ake hawa kullum, ƙarfe lamba 304 ya fi kowane fenti daɗewa. Wanda aljihunsa bai kai nan ba, ya nemi heda mai rufin tangaran ciki da waje, ya riƙa wanke ƙarƙashin mota bayan damina, ya kuma riƙa yin tafiya mai ɗan nisa lokaci-lokaci don ruwan cikin bututu ya ƙafe.