Tsutsar Ƙudan Soja: Ribar Tana Cikin Abin da Aka Zuba Mata

Tun kafin zuwan abincin kaji na buhu, a karkararmu ana ɗebo gara a zuba wa 'yan tsaki da 'ya'yan zabi. Saboda haka kiwon tsutsar baƙin ƙudan soja, wanda masana ke kira Hermetia illucens, ba zai zama baƙo ga manomin Birnin Kudu ko na Gwaram ba. Tarayyar Turai ma ta halatta sa ƙwari a abincin kifi a 2017, a na kaji kuma a 2021. Kuskuren da ke yawo shi ne zaton wai kowace shara aka zuba wa tsutsar, sakamakon ɗaya ne.

Idan an busar da tsutsar, sinadarin gina jikinta yakan kai wajen kashi 40 cikin 100, kuma bai cika motsawa sosai ba. Kitse da saurin girma su ne ke bin cima. A kan abinci mai kyau mai danshi, takan ƙosa cikin mako biyu zuwa uku. A kan kashin shanu zalla kuwa, wanda tumbin saniya ya riga ya tsotse amfaninsa ya bar tauri, sai ta daɗe kuma ta fito a tsamure. Ruɓaɓɓen tumatir da mangwaron da ake zubarwa a kasuwa irin ta Sara ruwa ya yi musu yawa, sai an haɗa da dusa. Kayan cikin kifi kuma suna ƙara mata irin man kifi mai amfani.

Mai kiwo zai ce dusa ai kuɗi ce, akuya na jiranta, don me za a bai wa tsutsa? Yana da gaskiya: wanda ya ciyar da ita dusa zalla ya yi asara. Amfaninta shi ne cin abin da dabba ta ƙi, dusar kuwa 'yar kaɗan ce, ta tsane ruwa kawai.

Wani kuma zai ce to a kwaso daga juji kyauta. Nan ne haɗarin. Juji na ɗauke da matattun batura, tsutsar kuma tana tara ƙarafa masu guba irin su dalma a jikinta, ta miƙa wa kazar da ƙwanta zai je tukunyar gida.