Kafin Ka Jefar da Na'urar USB, Duba Saitin Wutar Kwamfutarka

A shagunan buga takardu da rajistar jarrabawa da ke Gyadi-Gyadi, daga Court Road zuwa bakin Titin Zariya, akwai matsalar da ke yawan tsayar da aiki. Wuta na ɗaukewa, laftop ya koma kan batir, sai na'urar ɗaukar zanen yatsa ko firinta ta yi shiru, ga mutane a layi. Mai shago zai cire waya ya mayar, ta dawo, can an jima ta sake ɓacewa. Wasu kan garzaya kasuwar Farm Centre da ke Tarauni su sayo sabuwa, alhali tsohuwar lafiyarta ƙalau.

Sau da yawa tushen abin wani tsari ne na Windows mai suna USB selective suspend, wanda ke nan tun zamanin Windows XP. Idan na'ura ta ɗan jima ba a taɓa ta ba, manhajar kan sa ƙofar da aka jona ta barci don rage cin batir. Ƙofar USB 2.0 na ba da wuta har miliamfiya 500, ta USB 3.0 kuma 900, amma na'urar da ke barci ba ta wuce 2.5. Tsimin yana da amfani, sai dai wasu na'urorin, musamman masu tsohuwar direba, ba sa farkawa idan an neme su.

Gyaran ba ya cin ko kwabo. A buɗe Device Manager, a shiga Universal Serial Bus controllers, a danna USB Root Hub sau biyu, a je Power Management, sannan a cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power. Idan bai wadatar ba, a shiga Control Panel, Power Options, Change plan settings, Change advanced power settings, sai USB settings. A laftop zaɓi biyu ne a nan: On battery da Plugged in. Wanda matsalarsa ke zuwa bayan ɗauke wuta, na farkon zai mayar Disabled.

Amma a yi hattara: kashe tsarin yana ƙara cin batir, kuma a garin da caji ke nufin kuɗin man janareta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kamfanin Microsoft ma shawararsa ita ce a bar shi a kunne. Don haka a fara da ƙofar da ke ba da matsala kaɗai. In na'urar ta ci gaba da yankewa ko da laftop na jone da caja, to a gwada wata wayar ko wata ƙofar kafin a taɓa aljihu.