A-kori-kura da Giyar da Ke Ƙin Shiga a Damina

 Wannan bayani ya karkata ne ga tsofaffin motocin a-kori-kura masu jan ƙafa huɗu, irin su Toyota Hilux da Mitsubishi L200, waɗanda ke tasowa daga Hanwa da Samaru da Sabon Gari a ƙasar Zazzau su nufi gonakin Shika da Giwa da Hunƙuyi, da kuma matsalar da ke addabar direbobinsu a watan Agusta, wato giyar da ke ba ƙafafun gaba ƙarfi ta ƙi shiga a daidai lokacin da taɓo ya riƙe mota da kayanta.

Hilux ta fito a 1968, samfurinta mai jan ƙafa huɗu kuma ya biyo baya a 1979, kuma a tsarinsa ƙafafun baya kaɗai ke ja a tafiyar yau da kullum. Bayan babban akwatin giya akwai ƙarami, wanda aikinsa raba ƙarfin inji tsakanin gaba da baya, yana da gajeren hannu mai alamomin H2 da H4 da L4, kuma daga gare shi ne farfela, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a ƙarƙashin mota, ke miƙa ƙarfi zuwa gaba. Sai dai ƙarfin ba ya isa ga taya har sai an murɗa makullin da ke cibiyar kowace ƙafar gaba daga inda aka rubuta Free zuwa inda aka rubuta Lock, shi ya sa direba kan ja hannun giya, fitila ta kama a gabansa, amma ƙafafun gaba su tsaya cik.

Akasari ba tsufa ne ke kashe wannan makulli ba, zama ne. Daga Nuwamba zuwa Afrilu ƙasar Zazzau a bushe take, babu mai neman jan gaba, don haka giris ɗin da ke cikin makullin yakan daskare ya haɗu da ƙurar hunturu, ruwan da ya shige shi a daminar bara a mashigin rafi kuma ya haifar da tsatsa, har ƙaramar wayar da ke tura zoben haƙora ta kasa motsa shi. Littafin da kamfanin Toyota ke bayarwa tare da motar ya nemi a riƙa tafiyar kilomita 16 da jan ƙafa huɗu kowane wata domin mai ya ratsa kayan gaba, kuma abin takaici ne yadda wannan littafi kan ɓace tun kafin mota ta kai hannu na biyu.

Taya ma tana da nata laifin. Akwatin rabon ƙarfi na waɗannan motoci yana tilasta wa gaba da baya juyawa da gudu ɗaya, saboda haka idan an haɗa tayoyin gwanjo masu bambancin girma, ko aka hau kwaltar titin Sakkwato da jan huɗu, haƙoran sukan cije juna, hannun giya ya ƙi shiga ko ya ƙi fita, kuma maganinsa ja da baya kaɗan a miƙe, ba kokawa da hannun ba. L4 kuwa ba ta shiga sai mota ta tsaya an taka kuloci. A samfurorin baya-bayan nan da ba su da makullin hannu, tiyon iska da zafi ya tsattsage ko ƙaramin moto na lantarki ne kan jawo matsalar.

Mafi muni shi ne abin da wasu masu mota ke sa kanikawa su yi, na cire farfelar gaba ɗungurungum da sunan rage shan mai, alhali makulli a buɗe ya riga ya sauke wannan nauyi. Sun biya kuɗin mota mai jan huɗu, sun koma gona da mai jan biyu.

Gwajin da bakanike zai yi kafin ruwan farko ba shi da wuya. Zai kulle makullan biyu, ya bar giya a H2, ya ɗaga ƙafar gaba guda da jak ya juya ta da hannu. Idan farfelar gaba ta juya makullan suna kamawa, idan kuwa taya ta juya ita kaɗai, sai a kwance su a wanke da kananzir a shafa giris kaɗan, domin mai yawa ma yakan hana zoben motsi.