Fitilar Cikin Firij: Yadda Haske Ke Lalata Abin Sha, da Darasin da Na Koya Daga Injiniyoyin Faransa

Yau ba maganar sabuwar waya za mu yi ba, maganar wata 'yar fitila za mu yi wadda kowa ke gani amma ba mai tambayar yadda aka tsara ta.

Kwanakin baya wani abokina mai shagon yogot da fura ya kira ni. Ya sayi firij mai ƙofar gilashi, ya sa an liƙa masa farar fitilar LED mai haske sosai don kaya su ja ido. Bayan 'yan kwanaki masu saye suka fara cewa robobin da ke layin gaba ɗanɗanonsu ya canza, alhali firij ɗin na sanyi yadda ya kamata. Shi ya zargi mai kawo masa nono. Ni kuma da na zauna bincike, sai na iske cikin waɗanda suka mai da hankali a kan wannan matsala akwai masu ƙera akwatunan sanyi na adana giyar inabi a Turai. Giya dai haramun ce a wurin Musulmi, ba kuma ita ta kai ni can ba. Ilimin hasken ne ya kai ni, domin sinadarin da haske ke yi wa illa a kwalabensu shi ne dai wanda ke cikin madararmu.

Wane irin akwati ne wannan?

A Faransa tun da can a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa ake ajiye kwalaben, inda babu rana kuma sanyi ba ya hawa da sauka. A shekarar 1976 kamfanin EuroCave ya fara ƙera akwati mai kama da firij wanda ke kwaikwayon wannan yanayi a cikin gida. Yana riƙe sanyi a wajen digiri 12 zuwa 14 a ma'aunin Salshiyos, yana kuma riƙe danshi don kada murfin kwalba ya bushe. Daga baya masu saye suka so ƙofar gilashi da fitila don su nuna abin da suka tara. A nan matsalar ta taso, saboda ɗakin ƙarƙashin ƙasa duhu ne, akwatin nuni kuwa haske yake buƙata.

Illa ta farko: haske yana canza sinadari

Akwai sinadarin riboflavin, wanda muka fi sani da bitamin B2. Yana cikin farar giyar inabi, yana kuma da yawa a madara. Wannan sinadari yana zuƙar haske sosai a wurare biyu: wajen nanomita 370, wato hasken UV da ido ba ya gani, da wajen nanomita 440, wato shuɗin haske. Da zarar ya zuƙa, sai ya afka wa wani sinadarin mai suna methionine, a samu sinadarai masu wari irin na dafaffen kabeji. Masu bincike a yankin Champagne na Faransa sun daɗe da gano haka, har suka sa masa suna da ke nufin "ɗanɗanon haske".

Shi ya sa a manyan ɗakunan ajiya na yankin aka daɗe ana amfani da fitilun sodiyam masu launin ruwan ɗorawa maimakon farar fitila. Shi ya sa kuma launin kwalba ke da muhimmanci: mai ruwan ƙasa ta fi tare haske, koriya na biye mata, farar kwalba kuwa kusan komai na ratsa ta. Kamfanin Louis Roederer da ke sayar da Cristal a farar kwalba, sai da ya naɗe ta da wata leda mai ruwan ɗorawa don kare ta.

Yanzu dubi yogot ɗin abokina: farar roba mai shara-shara, tana tsaye dab da fitila dare da rana.

Ashe LED ma ba ta kuɓuta ba

Mutane da yawa na cewa LED ba ta da illa tunda kusan ba ta fitar da UV. Rabin gaskiya ke nan. Yawancin fararen LED a asali shuɗaye ne. Ana ɗaukar ƙwayar da ke fitar da shuɗin haske na wajen nanomita 450, a shafe ta da wani sinadari mai ruwan ɗorawa, haɗuwar biyun ta ba da abin da ido ke gani fari. Ƙirƙirar wannan shuɗiyar LED ce ta sa Akasaki da Amano da Nakamura suka samu kyautar Nobel a 2014. To kun ga 450 na dab da 440 da bitamin B2 ke zuƙa.

A nan ne lambar da ke jikin kwalin fitila ke da amfani. In kun ga 6500K, fari ne tas mai yawan shuɗi. In kun ga 2700K ko 3000K, haske ne mai ɗan ja-ja, shuɗinsa kaɗan ne. Daidai yake da abin da wayarku ke yi idan kun kunna Night Light a Android ko Night Shift a iPhone: allo ya koma ruwan ɗorawa saboda an rage shuɗi. Wasu masu ƙera akwatunan ma sukan tsallake fari gaba ɗaya su sa LED mai ruwan goro ta wajen nanomita 590. Sai dai da ita launukan kaya ba sa fitowa da kyau, kuma mai shago yana son a ga kayansa. Don haka dole a zaɓi tsaka-tsaki.

Illa ta biyu: zafi

Duk wutar da fitila ta ci a cikin rufaffen akwati, kusan dukkanta zafi take komawa, kuma kwamfuresa ce za ta sha wahalar fitar da shi. Tsohon ƙwan fitila mai zare, kusan kashi 90 cikin 100 na wutarsa zafi ne. Mu yi lissafi: ƙwai mai wat 40 da ke kunne awa 24 ya ci kusan yunit ɗaya, wato 0.96. Zaren LED mai wat 5 kuwa 0.12 kawai zai ci. Ga wanda ke kan sola da batir, wannan bambanci ba ƙarami ba ne.

Dabarun da injiniyoyin ke bi masu sauƙi ne. Suna ajiye akwatin da ke sauya wa LED wuta a wajen sashen sanyi, domin shi ma yana ɗumi. Suna liƙa zaren a kan siririn ƙarfen alminiyom mai farin murfi da ke baza haske. Suna jera shi a gefen ƙofa yana haska ciki, maimakon ɗora shi dab da kwalba. Suna amfani da ƙaramar wuta ta bolt 12 ko 24, da zare mai rufin hana ruwa irin mai lambar IP65, saboda raɓa na taruwa duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Abin daɗi kuma shi ne LED ta fi ƙarko a cikin sanyi.

Inda manhaja ta shigo

Illar haske taruwa take yi: ƙarfinsa da tsawon lokacin da ya ɗauka. Saboda haka fitilar da ta fi kowace aminci ita ce wadda take a kashe. Akwatunan zamani da yawa suna ba mai su zaɓi, ko dai ta kama idan an buɗe ƙofa kawai, ko ta tsaya a kunne don nuni.

Wannan ɓangaren na gwada da hannuna. Na ɗauki allon ESP32, da 'yar na'urar maganaɗisu da ke gane an buɗe ƙofa, da taransista nau'in MOSFET, domin ƙafar allon ba za ta iya ɗaukar zaren bolt 12 kai tsaye ba. Abin da na rubuta bai kai layi 50 ba. Idan ƙofa na rufe, haske na tsayawa ƙasa-ƙasa yadda mai saye zai iya ganin kaya. Idan aka buɗe, ya ƙaru a hankali. Idan dare ya yi aka tashi daga shago, ya mutu gaba ɗaya.

Rage hasken ana yin sa ne ta hanyar PWM, wato kashewa da kunnawa cikin saurin da ido ba ya kamawa. A nan na yi kuskure. Na sa saurin ya yi ƙasa, ido bai ga komai ba, amma da abokina ya ɗauki bidiyon firij ɗin don ya ɗora a WhatsApp, sai ga baƙaƙen layuka na yawo a hoton. Kyamarar waya na ganin ƙyaftawar da ido ba ya gani. Da na ɗaga saurin zuwa dubbai a daƙiƙa, layukan suka ɓace.

Abin da za ku iya yi ko ba ku iya rubuta manhaja ba

In kuna da firij na nuni, ku duba lambar K kafin ku sayi fitila, ku zaɓi 3000K ko ƙasa da haka ga kayan madara. Ku bar tazara tsakanin fitila da layin farko. Ku sa lemon gwangwani a gaba, tunda haske ba ya ratsa shi, yogot da nono su koma baya. Kada ku ajiye firij inda rana ke dukan gilashinsa, domin rana ta fi kowace fitila illa. Ku kashe fitilar idan kun tashi.

Ba abin sha kaɗai abin ya shafa ba. Allurar rigakafin ƙyanda da ta BCG haske na rage musu ƙarfi, shi ya sa ake zuba su a kwalabe masu duhu. Man zaitun mai kyau ma a koriyar kwalba ko gwangwani yake zuwa saboda wannan dalili.

Abokina dai ya canza zaren ya koma 2700K, ya sake jeren kayansa, ya kuma je ya ba mai nono haƙuri. Ya ce tun daga lokacin bai sake jin ƙorafin ba. Kuɗin da ya kashe bai kai na katan ɗaya da ya zubar a makon farko ba. In kuna da shago ko kun san mai shi, yau ku leƙa ku karanta lambar da ke jikin fitilar firij ɗinsa.